Sarkin da Ya Auna Shekara

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Uzbekistan, Imamu Buhari ne yake jan su. Mutum ya sauka a Tashkent, ya kama hanyar mota ta wajen kilomita 300 zuwa Samarƙand, ya ratsa gonakin auduga da rumfunan masu sayar da kankana a bakin titi, ya wuce garin Jizzak, ya bi ta matsatsin duwatsun da ake kira Ƙofar Taimur, alhali zuciyarsa tana can ƙauyen Hartang inda mai Sahihi yake kwance. Dab da shiga Samarƙand kuwa, ta arewa maso gabas, akwai wani tudu a bakin hanya mai suna Kuhak. Direbobi kan tsaya nan don matafiya su miƙe ƙafa, su ɗauki hoto, a wuce. Ina roƙon duk wanda Allah Ya kai shi wannan hanya da kada ya yi wa tudun nan tsayuwar miƙe ƙafa kawai. Akwai wa'azi a kansa, wa'azin da aka rubuta da awo da lissafi.

Wurin ba shi da girma. A gindin tudun akwai mutum-mutumin wani sarki a zaune, inda angwaye da amare ke zuwa ɗaukar hoto. Ka hau matakala ka tarar da fili, da wata gajeriyar katanga da ta yi da'ira, da ɗan gidan tarihi wanda rabin sa'a ta ishe ka ka gama da shi: shafukan tsofaffin littattafai a cikin gilashi, samfurin kayan awo na tagulla, taswirar sama, zanen malamai sun kewaye sarki. Da'irar nan ita ce sawun harsashin wani gini mai hawa uku, faɗinsa wajen mita 46, tsayinsa wajen mita 30, wanda a zamaninsa babu gidan nazarin taurari da ya kama ƙafarsa. Na samansa dai babu abin da ya rage.

Abin da ya rage yana ƙarƙashin ƙasa. Sai ka shiga ƙofar da ke cikin da'irar, ka dafa ƙarfen tsaro, ka leƙa. Dogon rami ne mai faɗin kimanin mita 2, an sassaƙa shi cikin dutsen tudun, ya miƙe sak tsakanin kudu da arewa. A cikinsa akwai katanga biyu lanƙwasassu a jere, an lulluɓe bayansu da farin marmara, sun gangara cikin duhu har zurfin kusan mita 11, ga matakalar tubali tana bin su. A jikin marmaran akwai tsage-tsagen awo, da lambobi da aka rubuta da haruffan abajada, irin hisabin da ɗaliban zaure suka sani. Sanyi ne yake tasowa daga ciki ya bugi fuskarka.

Yadda ake aiki da shi ba wuyar ganewa. Can a saman ginin, ta kudu, a da akwai 'yar kafa, kuma daga kafar zuwa marmaran mita 40 ne. Idan rana ta take tsaka, haskenta ya faɗo ta kafar ya sauka a kan marmara, sai mai awo ya bi matakala ya karanta inda ya sauka, ya rubuta. Gobe ma haka, jibi ma haka, shekara da shekaru. Madubin hangen nesa bai zo duniya ba sai 1608, don haka wanda yake son awo mai kyau a wancan zamani ba shi da dabara sai ya girmama ma'auninsa. A kan wannan marmara, digiri ɗaya na sama ya kai wajen santimita 70.

Mai wannan aiki shi ne Muhammad Taragai, wanda duniya ta sani da Ulug Beg, jikan Taimur, ɗan Shahruh. An haife shi a 1394, aka damƙa masa riƙon Samarƙand a 1409 yana ɗan shekara 15. Mahaifinsa yana mulkin daula daga Herat, shi kuwa ya samu kusan shekara 40 a Samarƙand, ga dukiya ga sarari. Ya gina makarantar da har yau take tsaye a dandalin Registan tsakanin 1417 da 1420, ya tara malaman lissafi daga nesa, sannan ya gina wannan gida a shekarun 1420. Ɗaya daga cikin malaman, Jamshid al-Kashi, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa yana ba shi labarin sarkin: ya haddace mafi yawan Alƙur'ani, yana zama a darasi yana jayayya da ɗalibai, kuma wata rana a kan doki ya lissafa matsayin rana a sama da ka, ba takarda ba alƙalami. Wannan ilimi ne da musulmi suka raya saboda buƙata, da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata.

Sakamakon aikin shi ne littafin Zij Sultani, mai ɗauke da matsayin taurari 1,018 kamar yadda suke a 1437. Sun auna karkatar duniya suka samu digiri 23 da minti 30 da daƙiƙa 17. Sun auna shekara, wato tsawon lokacin da rana ke ɗauka ta komo daidai inda take a tsakanin taurari, suka samu kwana 365 da awa 6 da minti 10 da daƙiƙa 8. Na'urorin yau sun saɓa da su da kimanin minti ɗaya rak. Da ido da marmara da haƙuri. Taurari 27 ne kawai ba su auna da kansu ba, don sun yi kudu da yawa, sai suka ɗauko su daga littafin Abdurrahman as-Sufi. Suhailu, tauraro na biyu a haske a duk sararin dare, ba ya leƙowa a Samarƙand ko kaɗan. Makiyayi a dajin Damagaram ko manomi a Ɗanbatta yana ganinsa ta kudu a daren hunturu ba tare da ya biya ko sisi ba, sarki da ma'auninsa na mita 40 bai taɓa ganinsa daga tudunsa ba. Kowa da iyakar abin da aka buɗe masa.

Sai dai ilimin nan yana da wata matsala da kuɗi ba sa maganinta. Tauraron Zuhal ba ya gama zagayensa sai bayan kusan shekara 30, kuma awo bai cika ba sai an bi shi tun daga farko har ƙarshe. Tun a 1259, lokacin da Nasiruddin Tusi yake kafa irin wannan gida a Maraga ta ƙasar Iran, ya gaya wa Hulaku, sarkin Mongol ɗin nan da ya rusa Bagadaza, cewa aikin yana son shekara 30. Hulaku ya ga abin ya yi masa nisa, ya nemi a gama a cikin 12. Ko 12 ɗin bai gani ba, ya mutu a 1265. A Samarƙand ma haka ta kasance. Al-Kashi, wanda ya fi kowa a cikinsu kaifin lissafi, ya rasu a 1429 yana wajen shekara 50, aiki bai yi nisa ba. Ƙadi Zada Rumi, malamin sarkin, ya karɓa, shi ma ya rasu kafin a kammala. Ulug Beg da kansa ya ambaci rasuwar su biyun a gabatarwar littafin. Mutanen nan sun fi kowa sanin tsawon aikin da suka ɗauko, sun kuma ga furfura a gemunsu, amma kowace rana tsaka suna saukowa matakalar nan su rubuta lamba ɗaya.

Akwai kuma wani motsi da ya fi na Zuhal jinkiri nesa ba kusa ba. Matsayin taurari gaba ɗaya yana gusawa a hankali a kan ma'auni, saboda wata 'yar layi da duniya take yi a kan sandar juyinta. A lissafin Ulug Beg, gusawar digiri ɗaya ce a kowace shekara 70. Masanan yau sun ce wajen 72, kuma zagaye ɗaya ba ya cika sai an yi kusan shekara 26,000. Shi ya sa jerin taurari yake tsufa, sai an sabunta shi. Batlimus ya rubuta nasa a Iskandariyya a ƙarni na 2. As-Sufi ya gyara a 964. Ulug Beg ya sake aunawa a 1437. Kowannensu ya karɓi littafin mamaci, ya gyara, ya bar wa wanda ba a haifa ba tukuna.

Ranar da muka ziyarci wurin, da mai yi mana bayani ya kawo nan, wani dattijo a cikin ayarinmu, mutumin Gusau, ya sa aka maimaita masa lambobin biyu. Digiri ɗaya a kan marmara, santimita 70. Digiri ɗaya a gusawar taurari, shekara 70. Da muka fito fili sai ya tattare babbar rigarsa, ya haɗa ƙafafunsa, ya yi taku ɗaya, ya tsaya yana duban tazarar da ke tsakanin dugadugansa. Ya juyo ya ce da ni, "Malam, ashe duk rayuwar nan taku ɗaya ce cikin 360. Ni kuwa ƙafata ta baya ta riga ta ɗaga." Na ce, "Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba." Ya ce, "Amin, ɗana. Amma ka ce Allah Ya sa a sauke ta a wuri mai kyau."

Shahruh ya rasu a 1447, daula ta faɗo a hannun Ulug Beg yana da shekara 53. Gaskiya ita ce hannun da ya iya ma'auni bai iya sarauta ba, kuma ba za a wanke shi tas ba. Ya shiga yaƙi da 'ya'yan 'yan'uwansa a kan Hurasan, rundunarsa ta yi ɓarna a kewayen Herat. Ya fifita ƙaramin ɗansa Abdul'aziz a kan babban, Abdullaɗif, har a kan nasarar da babban ya sha wuya a kanta. Abdullaɗif ya riƙe abin a zuciya, ya yi tawaye, ya ci uban da yaƙi kusa da Samarƙand a 1449. Uban ya miƙa wuya ya nemi a bar shi ya tafi Makka, aka ce an yarda. A bayan fage kuwa an riga an samo wani mutum mai suna Abbas, wanda aka kashe mahaifinsa da umarnin Ulug Beg, aka ba shi fatawar ƙisasi. Alƙali guda ne ya ƙi sa hannu.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Ulug Beg ya bar gari da yamma tare da 'yan rakiya kaɗan, yana cikin walwala. Ba su yi nisa ba wani ɗan aike ya cim musu ya ce su dakata a wani ƙauye, wai za a shirya masa tafiya irin ta sarakuna. Ana sanyi, aka hura wuta, tartsatsi ya ƙona masa gefen alkyabba. Sai ga Abbas. Aka bar Ulug Beg ya yi wanka, aka ɗaure shi, aka sare kansa a hasken fitila. Cikin watan Azumi ne na 853 Hijira, Oktoban 1449. Bayan 'yan kwanaki Abdullaɗif ya sa aka kashe ƙanensa. Shi kansa gadon sarautar da ya zubar da jinin uba da na ƙane dominsa, wata shida ya yi a kai, aka harbe shi da kibiya a 1450. A 1941 da masu binciken Tarayyar Sobiyet suka buɗe kabarin Ulug Beg a hubbaren Gur Amir, sun tarar da ƙashin wuyansa a sare, kuma an binne shi da tufafinsa kamar yadda ake yi wa shahidi.

Littafin Zij kashi huɗu ne, kuma kashi na huɗu a kan duban taurari yake, irin na neman sanin abin da zai faru da mutum. Kashi ukun farko sun amfani duniya ɗaruruwan shekaru. Na huɗun bai amfani mai shi da komai ba a daren nan. Mutumin da ya san tsawon shekara har zuwa daƙiƙa ya hau doki da yamma yana lissafin watannin da zai yi kafin ya ga Ka'aba, alhali awoyi suka rage masa. Duk mai kai kuɗinsa wurin ɗan duba don a gaya masa gobensa, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Ƙarshen suratu Luƙman ya lissafa abubuwan da Allah Ya keɓe wa kanSa saninsu, cikinsu har da ƙasar da mutum zai mutu a cikinta, kuma yankin Samarƙand cike yake da shaidar haka. Taimur ya tanadi kabarinsa a garinsu Shahrisabz, ɗakin dutse a ƙarƙashin ƙasa, har yau yana nan ba shi a ciki. Ya mutu a Otrar a hunturun 1405 yana kan hanyar zuwa yaƙar ƙasar Sin, aka binne shi a Gur Amir, hubbaren da ya gina wa jikansa Muhammad Sultan, magajin da ya zaɓa, wanda ya riga shi tafiya a 1403. Imamu Buhari ma, Allah Ya yi masa rahama, Samarƙand ya nufa bayan an fitar da shi daga Buhara. Ya yada zango wurin dangi a Hartang, nan ajali ya same shi a daren ƙaramar salla ta 256 Hijira, yana da shekara 62. Tsakaninsa da garin da ya nufa bai fi tafiyar yini ba.

To ɗan'uwa, ɗauki alƙalami mu yi irin lissafinsu. Ulug Beg ya rayu shekara 55, kwana 20,000 ke nan da 'yan ɗaruruwa. Hadisi ya nuna mana cewa shekarun yawancin wannan al'umma tsakanin 60 da 70 suke. Shekara 60 ba ta kai kwana 22,000 ba. Shekara 70 kwana 25,500 ce da ɗan ɗori. Cire kashi ɗaya cikin uku na barci. Cire ƙuruciyar da ba ka san kanka ba. Cire abin da ka riga ka ci. Ragowar da kake gani a takardar ma ba alkawari aka yi maka ba, ƙiyasi ne, kuma kowannenmu ya raka wanda bai kai shi shekaru ba zuwa makwanci.

Amma duba yadda muke magana. Sai na yi ritaya zan koma karatun Alƙur'ani. Sai yaran nan sun gama makaranta zan biya bashin Alhaji. Bari a sha ruwa tukuna, bari a sauko daga idi, in an kwana biyu zan je in ba Yaya haƙuri. Gonar gado tana nan ba a raba ba shekara 20, marayu sun girma suna kallo, waɗanda suka san iyakokinta suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin ajiyar mutane suna hannunka, babu wanda ya sani ko matarka, kuma ko a bayan ambulan ba ka rubuta ba. A duk labarin Ulug Beg, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Abbas. Ran da aka zartar da hukunci a kan mahaifinsa, wataƙila sarki bai sake tuna maganar ba, yana da taurari 1,018 da zai auna. Yaron kuwa bai manta ba. Haƙƙin mutum ba ya tsufa, kuma wanda bai same ka a nan ba zai same ka a inda babu fatawar da za a nema. Uba mai fifita ɗa a kan ɗa, shi ma ya dubi gidan nan da kyau.

Kada kuma wani ya ce tunda kwana kaɗan ne, me zai sa a fara abin da ba za a gama ba. Al-Kashi bai ga littafin ba, amma lissafinsa yana ciki. Mai dasa giginya ya san ba lalle ne ya sha 'ya'yanta ba. Abin da gajartar kwana take nema a wurinmu shi ne a fara yau, a rubuta abin da aka yi, a koya wa wani. Malamai nawa muka binne da iliminsu a ƙirji saboda suna jiran ɗalibin da ya cancanta? Masu sana'a nawa, maƙera da masaƙa da masu ɗori, suka tafi da sirrin hannunsu?

Bayan kashe sarkin, malamai suka watse, gidan ya zama kufai. Babur, wanda ya kafa daular Mugal a Indiya, ya gan shi a tsaye a ƙarshen ƙarni na 15 ya kuma ambace shi a tarihin rayuwarsa. Daga baya mutane suka kwashe tubalin suka yi gine-ginensu, ƙasa ta rufe sauran, har aka rasa wanda zai nuna inda yake. Sai a 1908 wani Barashe mai binciken tarihi, Basili Biyatkin, ya ci karo da wata tsohuwar takardar waƙafi da ta ambaci tudun awon taurari a matsayin iyakar wani fili. Ya bi kwatancen, ya haƙa, ya tarar da marmaran. Takardar sadakar wani bawan Allah ce ta tono aikin sarki. Biyatkin ya mutu a 1932, kabarinsa yana nan a kan tudun, 'yan taku daga bakin ramin.

Aikin kuwa ya riga ya fita kafin ginin ya faɗi. An yi ta kwafar Zij da hannu, aka fassara shi daga Farisanci zuwa Larabci da Turkanci, a 1665 aka buga jerin taurarinsa a Oksfod ta Ingila. Wanda ya tsaya tare da sarkin har aka kammala littafin shi ne Ali Kushji, ɗan mai kula da shahon farautar fada, wanda Ulug Beg ya koyar da kansa yana kuma kiransa ɗansa. Ɗan cikin sarkin ya sa aka sare shi, ɗan baransa ya ɗauki iliminsa. Ali ya bar Samarƙand, ya zauna a Herat, ya zauna a Tabriz, ya rubuta wa Zij sharhi, a ƙarshe Sultan Muhammadul Fatih ya jawo shi Santambul wajen 1472 ya ba shi koyarwa a makarantar Aya Sofiya. Ya isa can yana dab da shekara 70. Ya miƙa wa Sultan littafi biyu, Muhammadiyya a kan lissafi da Fathiyya a kan falaki, waɗanda makarantun daular Usmaniyya suka daɗe suna karantarwa. Ya rasu a Disamban 1474, aka binne shi a maƙabartar da ke kusa da kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari.